Babi na 7: Birki da Maiƙo Ba Sa Ga Maciji

A shekarar 1976 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, a Amurka, suka fara tseren gangarowa daga kan tudu da tsofaffin kekuna masu faɗin taya. Hanyar ta tsakuwa ce, tsawonta wajen mil 2, zurfin gangarenta kuwa ya kai ƙafa 1,300. Birkin kekunan a cikin cibiyar tayar baya yake, irin wanda ake kamawa da mayar da feda baya, kuma cike yake da giris. Kafin mutum ya iso gindin tudun cibiyar ta ɗauki zafi har giris ɗin ya ƙone yana hayaƙi, dole sai an kwance an sake ɗura wani. Nan tseren ya samo sunansa, Repack, wato sake ɗuri. Cikin samarin akwai Charlie Kelly da Gary Fisher da Joe Breeze, kuma daga hannun irinsu keken hawan dutse na yau ya fito. Ina son wannan labari saboda yadda al'amarin ya juya. Birkin da aka fara wasan da shi sai da giris yake aiki, na yau kuwa ɗigon mai guda ya isa ya nakasa shi.

Na yau birkin faifai ne. Faifan ƙarfe, yawanci mai faɗin milimita 160 ko 180 ko 203, yana juyawa tare da taya, takalma biyu suna cafke shi ta kowane gefe idan an matsa hannun birki. Wannan kowa ya gani a gaban babur.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne takalmin kansa. A ido kamar dunƙulen ƙarfe yake, alhali gari ne aka curo. Wani iri zaruruwa ne da wasu sinadarai aka haɗe da ƙaro, wani kuma garin ƙarfe ne, har da na tagulla, aka matse da zafi ya kama jikinsa. Dukansu cike suke da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Duk wadda ta taɓa zuba man gyaɗa a sabuwar tukunyar ƙasa ta san abin da nake nufi: ko an wanke ta sau goma da toka, da ta hau wuta maiƙon zai sake tsattsafowa. Haka takalmin birki yake shan mai. Faifai ƙarfe ne sumul, a goge shi ya koma yadda yake. Takalmi kuwa ya sha ya sha ke nan. Sai ka hau gangare ya yi zafi, man da ya ɓuya a ciki ya fito ya shafe faifan da ka goge jiya, ka matsa birki har hannu ya taɓa kan keke, keken na ta tafiyarsa.

Ni na taɓa gani a jikina. Na kai kekena wani wurin wankin mota, yaron ya wanke shi tas, don ya burge ni kuma ya fesa wa tayoyi da jikin keken man ƙyalli irin wanda ake fesa wa mota. Keke ya fito yana walƙiya kamar na amarya. A gangaren farko na matsa birkin gaba, sai wata ƙara kamar ana yanka akuya, tsayawa kuwa babu. Da ƙafa na ja ƙasa. Yaron ba mugunta ya yi ba, gwaninta ya yi, ni ne ban ce masa komai ba. Man ƙyallin nan akwai silikon a cikinsa, aikinsa ke nan ya sa abu santsi, kuma feshi ba ya tsayawa inda aka nufa. Sabulun wankin mota mai ɗauke da kakin sa sheƙi shi ma haka. Kananzir da man dizal da makanikai ke wanke sarƙa da su suna barin maiƙo. Man sarƙa na gwangwanin feshi kuwa ya fi kowa laifi, domin sarƙa da faifan baya taya ɗaya ce ta raba su, iska kaɗan ta isa ta kai shi.

Sai man feshin nan WD-40, wanda har gajiya nake da bayani a kansa. An ƙirƙiro shi a San Diego a shekarar 1953 don korar danshi daga jikin ƙarfe da hana tsatsa, kuma yana yin hakan ne ta hanyar barin siririn mai a kan abin da aka fesa wa. Gwangwani ne mai albarka ga kusar da ta ƙi kwantuwa. Amma wai mutum ya ji birki na kuka, ya ce ai ƙarfe ne ya bushe, ya ɗauko ya fesa! Ƙofa ce ake sa wa mai idan tana kuka. Birki da gogayya yake cin abinci, wanda ya rage masa gogayya ya cire shi daga aiki. Sau da yawa ma kukan da ake son kashewa maiƙon ne ya jawo shi tun farko, takalmi na kamawa yana zamewa, yana kamawa yana zamewa, da sauri har faifai ya ɗauki rawa. Kukan da ke zuwa bayan ruwan sama ko bayan wanki da ruwa zalla wannan ba komai ba ne, 'yan matse-matse kaɗan ya bushe ya yi shiru.

Akwai masu cewa a gasa takalmin a wuta, ko a kankare shi da samfefa, mai ya fita. Idan maiƙon a sama-sama ya tsaya, samfefa tana iya taimakawa. Wuta kuwa tana iya lalata ƙaron da ya riƙe garin, ko ta raunana abin da ya manne shi da bayansa na ƙarfe, ya ɓalle maka a tsakiyar gangare. Takalmin da ya sha mai a jefar da shi a sayi sabo. Kuɗinsa bai kai na ɗorin karaya ba.

Man da ke cikin birkin ma yakan tsiyayo ya yi ɓarna iri ɗaya. Birkunan kamfanonin Shimano da Magura man ma'adini suke amfani da shi, Hope da yawancin birkunan SRAM na da kuwa ruwan DOT irin na mota, wanda ke cin fenti, kuma ba a haɗa nau'ukan biyu domin robobin ciki sukan kumbura. Wannan babi ne na daban.

Wanki mai kyau ba shi da wuya. Ruwa a bokiti, sabulu marar ƙari, ɗauraya sosai, kuma a guji injin feshi mai ƙarfi domin yana koro giris daga cikin boris. Kafin a taɓa sarƙa da mai a rufe faifai da leda ko a cire tayar, man kuma na ɗigawa ya fi na feshi. Faifai a goge shi da sifirit na aisofurofil, wanda ke bushewa ba ya barin komai, da tsumma sabo fil. Tsumman da ya taɓa sarƙa ko sau ɗaya ya tashi daga wannan aiki. Yatsa ma tana da nata maiƙon, saboda haka ta gefe ake riƙe faifai.

Idan an sa sabon takalmi, ko an goge faifai ƙal, kada a nufi tudu kai tsaye. A sami hanya shimfiɗaɗɗiya, a ɗan ba keke gudu, a matsa birki da ƙarfi har ya kusa tsayawa, a saki, a maimaita kamar sau 20. Takalmin ne yake shafa wa faifai wani siririn abu daga jikinsa, kuma a kan wannan shafin birki yake samun cikakken kamu. Za ka ji a hannunka, wajen karo na goma, yadda cizon yake ƙaruwa.