Baƙuwar murya a cikin amfili

A wani aji akwai yaron da ba ya ji sosai. In za a saurari darasin da aka ɗauka da murya, sai malam ya sa masa abin saurare a kunne, ya haɗa shi da wata ƙaramar na'ura mai aiki da pil. Sunan na'urar amfili. Aikinta ɗaya ne: ta karɓi ƙaramin sauti, ta ƙara masa ƙarfi, ta aika shi kunne.

Ran nan da marece yaron yana bitar darasi, sai ya ji wani mutum yana karanta labaru da wani harshe, can ƙasa-ƙasa. Alhali babu rediyo a ɗakin. Muryar ta hana shi fahimtar darasin. Wasu abokansa suka ce aljanu ne. Wasu suka ce na'urar ta mutu, a jefar da ita. Dukansu ba su gane ba. Taguwar rediyo ce ta shiga amfilin.

Mi ce ce taguwar rediyo?

Gidan rediyo yana da dogon ƙarfe da ake kira antan. Daga nan yake watsa taguwa ko'ina. Ido ba ya ganinta, kunne ba ya jin ta. Tana gudun kilomita 300.000 a daƙiƙa guda, kamar haske. Wani Bajamushe mai suna Heinrich Hertz ya tabbatar da akwai ta a shekara ta 1887. Saboda haka ake auna kaɗawarta da sunansa: hertz 1 shi ne kaɗawa guda a daƙiƙa guda.

Kunnen mutum yana jin kaɗawa daga hertz 20 zuwa hertz 20.000. Taguwar rediyo ta wuce nan da nisa. Ta matsakaicin zango tana kaɗawa wajen sau miliyan 1 a daƙiƙa. Ta gajeren zango ta fi haka sauri. Murya tana hawan wannan taguwa kamar kaya a bayan raƙumi. Aikin akwatin rediyo shi ne ya sauke kayan, ya sallami raƙumin.

Ta ina take shiga?

Duk doguwar waya ta ƙarfe tana iya zama antan. Wayar da ke kawo sauti cikin amfili antan ce. Wayar abin saurare ma antan ce. In taguwa ta bugi waya, sai ta haifar da ɗan ƙaramin kuran a cikinta, ya bi wayar har cikin na'ura.

A cikin amfili akwai ƙananan abubuwa da ake kira taransisto. In taguwa mai ƙarfi ta iso gare su, sukan bar ta ta wuce ta gefe guda fiye da ɗayan. Wannan kuwa shi ne ainihin yadda rediyo ke raba murya da taguwa. Ke nan amfilin ya zama rediyo ba da niyya ba. Sa'an nan ya ƙara wa baƙuwar muryar ƙarfi tare da darasin. Kan waya mai tsatsa ko datti ma yakan yi wannan ɓarna.

Abin ya fi faruwa kusa da gidan rediyo. Yakan faru kuma da dare, domin lokacin ne taguwar ƙasashe masu nisa ke bugun wani sashe na sararin sama, ta komo ƙasa da ƙarfi.

Wani lokaci ba murya ake ji ba, sai ƙara: dit-dit-dit, zzzz. Wannan aikin wayar salula ne. Salular da ke kan tsarin GSM tana aika taguwarta guntu-guntu, wajen sau 217 a daƙiƙa. Wannan adadi yana cikin abin da kunne ke ji. Shi ya sa amfili kan yi ƙara tun kafin kira ya shigo.

Yadda ake magance ta

Mai gyara na kirki ba ya fara kwance na'ura. Yana fara neman ƙofar da taguwar ta bi. Yakan cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana saurare. Wayar da aka cire muryar ta ɓace, ita ce ƙofar. Daga nan sai magani, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Na 1, nisa. A ɗauke salula daga kusa da amfili. Sau da yawa mita 1 ko 2 sun isa.

Na 2, gajeruwar waya. In mita 1 ta isa, kada a sa mita 5. A goge kan wayar ya fita tas, a cusa shi da kyau.

Na 3, waya mai sulke. Irin wannan waya tana da saƙar siraran ƙarfe kewaye da ita, ƙarƙashin roba. Saƙar ce ke tare taguwa.

Na 4, zoben ferit. Ferit wani baƙin abu ne mai tauri, mai haɗin ƙarfe. Shi ne ƙullutun da ake gani a jikin wasu wayoyin kwamfuta. Ana zura wayar cikin zoben, a naɗa ta sau 3 ko 4, dab da amfili. Sauti yana wucewa lafiya, taguwa kuwa ƙarfinta ya ragu.

Na 5, akwatin ƙarfe. A shekara ta 1836 wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, ya nuna cewa rufaffen ɗaki na ƙarfe yana kare abin da ke cikinsa daga ƙarfin lantarki na waje. Don haka amfili mai jikin ƙarfe ya fi mai jikin roba tsaro.

In duk wannan bai yi ba, sai a kai wa mai gyaran rediyo. Shi zai liƙa ƙaramin kondansata da rezistans a bakin shigar sauti. Su biyun suna aiki kamar rariya: sauti ya wuce, taguwa ta tsaya. Yara ba sa buɗe na'urar da ke haɗe da kuran na bango, domin kuran yana kisa. Kuma ba a ƙure ƙarar abin saurare don a danne baƙuwar murya, domin ƙara mai yawa tana lalata kunne.

A wancan aji, malam ya duba, ya tarar an yi amfani da tsohuwar waya mai tsawon mita 5, kanta duk tsatsa. Ya canja ta da gajeruwa mai sulke. Yaron ya maida abin saurare a kunne. Ba abin da ya ji sai darasinsa.

Gwaji

A kunna ƙaramar rediyo mai pil, a kama wata tasha. A sa ta cikin tukunyar dalma, a rufe da murfi sosai. A kasa kunne. Sa'an nan a buɗe murfin sannu a hankali.

Tambayoyi

1. Mi ne ne aikin amfili?
2. Domi kunne ba ya jin taguwar rediyo?
3. Yaya doguwar waya ke jawo baƙuwar murya?
4. Mi ya faru da maganar tashar a cikin tukunya? Domi?