Tausayi da Halittar Ɗa Namiji: Abin da Kimiyya Ta Gano

A makarantun Gaya da Ajingi, kamar sauran ƙasar Hausa, yaro mai taushin hali da saurin hawaye ba ya rasa masu yi masa ba'a da sunan "ɗan daudu". Shin akwai dangantaka tsakanin tausayi da irin jinsin da zuciyar namiji ke karkata gare shi? Bari mu duba hujjoji.

Tun da daɗewa aka san 'yan daudu a Kano da sana'ar dafa abinci a tashoshin mota da kasuwanni, da kuma kusanci da 'yan bori. Wasu masana ma na danganta sunan da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin iskokin bori. Rudolf Gaudio, masanin harshe ɗan Amurka da ya yi bincike a Kano cikin shekarun 1990, ya nuna a littafinsa na 2009 cewa da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna salla, wasunsu har sun sauke farali. Ke nan ɗabi'ar fili daban, sha'awar zuci daban, imani kuma daban.

A 2006, Mark Sergeant da abokan aikinsa a Ingila sun ruwaito cewa mazan da ke sha'awar 'yan'uwansu maza sun ɗara sauran maza a ma'aunin tausayi, kuma ba su kai su saurin kai duka ba. Sai dai mai karatu ya lura: mutanen su ne suka cike takardar tambayoyi game da kansu, sakamakon kuwa matsakaicin jama'a ne. Matsakaici ba ya bayyana halin mutum guda. Maza sun fi mata tsawo a jimlace, amma mata nawa ne suka fi mazajensu tsawo?

Ƙwayoyin gado ma ba su yanke hukunci ba. Binciken da Andrea Ganna ya jagoranta a 2019, kan mutane kusan rabin miliyan, bai sami wata ƙwaya guda da ke ƙayyade sha'awar jinsi ba. Haka nan a 2018, Varun Warrier na Jami'ar Cambridge da abokansa sun nazarci mutane fiye da 46,000, suka gano cewa wajen kashi 10 cikin 100 ne kawai na bambancin tausayi tsakanin mutane aka iya dangantawa da ƙwayoyin gadon da suka auna. Tarbiyya da zamantakewa suna da babban rabo.

Saboda haka taushin zuciyar yaro ba shaida ba ce a kan sha'awarsa. Illar ba'a kuwa sananniya ce: tana haddasa ƙuncin rai da gudun makaranta, tana kuma koya wa sauran yara cewa jinƙai abin kunya ne ga namiji, alhali addini ya ɗauke shi cikin manyan halayen ƙwarai. Malamin da ya tsawatar a kan irin wannan ba'a ya kare yaro guda, ya kuma tarbiyyantar da aji baki ɗaya.