Yabon Gwani Ya Zama Dole: Masu Binciken Da Ke Yi Wa Murhunmu Hidima



Uwargida, idan aka ce ki lissafa mawaƙan biki goma ko 'yan fim goma, na san ba za ki sha wahala ba. To amma idan aka ce ki ambaci mutum ɗaya da ya ƙarar da shekarunsa yana binciken yadda hayaƙi zai ragu a madafarki, ko yadda tumatirinki zai kwana biyu bai ruɓe ba, anya ba za a yi shiru ba? Alhali addininmu ya koya mana cewa gode wa mutane yana cikin gode wa Allah. Shi ya sa a wannan wata nake so mu san waɗannan bayin Allah da aikinsu.

Akwai wani fanni da ake kira injiniyancin sinadarai, wato ilimin sarrafa wani abu ya koma wani abu mai amfani, kuma da yawa: mai ya zama sabulu, dutse ya zama siminti kamar yadda ake yi a Kalambaina, ɗanyar fata ta zama jemammiya. Ke ma kina taɓa wani abu daga ciki duk ranar da kika tace toka kika haɗa sabulu. Abin da duniya ta fi yabawa a fannin yanzu shi ne aiki mai ɗorewa, wanda zai biya buƙatar yau ba tare da ya ɓata ruwa, ƙasa da iskar da jikokinmu za su gada ba. Misalinsa yana nan kusa da mu. Majeman Sakkwato tun kaka da kakanni da bagaruwa suke jeme fatar jar akuya, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko. Masana'antun jima na zamani kuwa sun fi amfani da sinadarin kurom, wanda ruwansa ke gurɓata kogi idan ba a tace shi ba.

Waɗanda aka karrama

A shekarar 2004 kamfanin iskar gas na NLNG ya fara ba da kyautar kimiyya ta Nijeriya. Waɗanda suka fara cin ta injiniyoyin sinadarai ne daga Jami'ar Legas, Farfesa Akpoveta Susu da ɗalibinsa Kingsley Abhulimen, saboda hanyar da suka fito da ita ta gano inda bututun mai yake yoyo ta amfani da kwamfuta, kafin man ya malale ya kashe gona da kifi. A 2019 kuma Farfesa Meihong Wang da Dakta Mathew Aneke suka ci kyautar, dala 100,000, kan binciken kama iskar da ke ɗumama duniya kafin ta bazu a sararin sama.

Amma wanda labarinsa ya fi kusa da tsakar gidanmu shi ne Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya yi aikin malanta a Jihar Jigawa, wanda kuma ya tashi a gidan maginan tukwane. Ya saka ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yashin ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, sai ya tafi da zafin da ke ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Yalon da kan lalace a kwana 3 sai ga shi yana kai kwana 27, tumatir da barkono kuma su yi mako uku, ba lantarki ba kananzir. Ya yi ta raba tukwanen a ƙauyuka, har wasu 'yan mata suka huta da tallar kullum don gudun kada kaya su ruɓe, suka samu damar zuwa makaranta. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex. Ki lura, uwargida, busasshen zafi irin na Sakkwato shi ne wannan dabara ta fi so. Da damina sanyinta yakan ragu.

Na gida da ba mu sani ba

A nan garin, cikin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da aka kafa a 1982. Farfesa Abubakar Sani Sambo ya taɓa shugabantar ta, daga baya a 2005 ya zama shugaban Hukumar Makamashi ta Ƙasa. Masananta sun daɗe suna aiki kan ingantaccen murhu mai cin itace kaɗan, da na'urar shanya kayan miya da zafin rana ba tare da ƙura ko ƙuda sun taɓa su ba, da kuma gas ɗin girki daga kashin shanu.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Ana dama kashin shanu da ruwa a zuba cikin rami ko tanki da aka rufe ruf. Da yake iska ba ta shiga, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sukan cinye shi, su fitar da wata iska mai kama wuta. Sai a ja ta da bututu zuwa murhu, ta ba da shuɗiyar wuta wadda ba ta baƙanta tukunya. Abin da ya rage a ramin kuma taki ne mai kyau. Ki tuna yawan kashin dabbobi da ke taruwa a Kasuwar Kara da mayanka da gidajenmu masu turke, sannan ki tuna abin da maigida ke kashewa wajen itace da gawayi kowane wata.

Maganar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2, cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Wa ke zaune gaban murhu safe da yamma? Ke ce, da goyon da ke bayanki. Kowace bishiya da aka sare don itace kuma ƙofa ce aka ƙara buɗe wa hamada.

To, ina namu yabon?

Lambar yabo tana ƙarewa a bango ne idan mu da aka yi aikin dominmu ba mu karɓe shi ba. Don haka ga abin da ke hannunmu. Ki gwada tukunya cikin tukunya a inuwa mai shan iska, ki riƙa jiƙa yashin sau biyu a rana. Idan za a sake murhu, ki roƙi maigida ya nemo mai rage itace, ki kuma bar wa hayaƙi mafita, musamman da hunturu, kada ki kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. Shugabannin ƙungiyoyin mata da na Islamiyyu su nemi iznin kai ziyara cibiyar nan, ko su gayyato masananta ranar walimar sauka su yi bayani, a gode musu a bainar jama'a.

Sannan idan 'yarki ta ce tana son darasin kemistiri, kada ki ce mata wannan karatun maza ne. Garin da Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata ba zai rasa 'yar da za ta gyara mana murhu ba. Ki tambaye ta abin da aka koya musu, ki nuna mata randa da toka da bagaruwa ta bayyana miki sirrinsu.

Allah Ya saka wa masu wannan bincike da alheri, Ya sa 'ya'yanmu su zama masu amfani ga al'umma. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.