Thrive: Kalmar Turancin da Tushenta Kamu Ne

Duk wanda ya taɓa dashen tumatir ko barkono a fadama ya san fargabar kwanakin farko. Ka ciro dashe daga inda aka yafa iri, ka kafa shi a sabuwar kunya, ka ba shi ruwa, amma kafin azahar ganye ya langaɓe ya kwanta kamar ba zai tashi ba. Bayan kwana uku ko huɗu sai ka fito da sassafe ka tarar ya miƙe, sabon toho ya leƙo. A nan ne mai lambu yake sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi, ya kama."

Abin mamaki, Turanci yana da kalmar da ta bi wannan hanyar tunani sak, ko da yake yawancin masu furta ta a yau ba su san haka ba. Kalmar ita ce thrive. Ɗalibai suna cin karo da ita a takardun jarrabawa, 'yan jarida suna fama da ita wajen fassara labarai, ma'aikatan asibiti kuma suna rubuta ta a katin yara. Akasari akan fassara ta da bunƙasa ko haɓaka a wuce wurin. Fassarar ba ta yi laifi ba, sai dai tana barin rabin ma'anar a baya.

Daga jiragen mahara zuwa bakin manoma

Thrive baƙuwa ce a Turanci. A shekarar 793 mayaƙan teku daga ƙasashen arewacin Turai, waɗanda ake kira Baikin, suka kai hari wani gidan ibadar Kirista da ke tsibirin Lindisfan a arewa maso gabashin Ingila. Daga hari aka koma mamaya. A 866 suka ƙwace birnin Yok, sannan jama'arsu suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar suna noma, suna ciniki, suna auratayya da 'yan gari. Zama wuri ɗaya kuwa ba ya barin harshe yadda ya same shi. Kamar yadda Hausa ta karɓi littafi da alƙalami daga Larabci, haka Turanci ya karɓi kalmomin yau da kullum daga harshen waɗannan baƙi: egg wato ƙwai, sky wato sama, window wato taga, take wato ɗauka, har ma da wakilin suna they.

A cikin wannan ayari thrive ta shigo, kuma ta fara bayyana a rubuce wajejen shekarar 1200. A harshen Baikin akwai aikatau thrifa, ma'anarsa kamawa ko damƙewa. Idan aka liƙa masa ɗafin da ke mayar da aiki kan mai yin sa, sai ya zama thrifask, wato mutum ya kamo wa kansa, ya riƙe abin da zai raya shi. Daga nan ma'anar ta zarce zuwa girma cikin ƙoshin lafiya da wadata. Abin da Bahaushe yake nufi ke nan idan ya ce dashe ya kama, ko wane ya kama ƙasa a sana'arsa.

Jikokin kalmar suna nan a gidansu na asali. A harshen Suwidin ana cewa trivas, a Denmak da Norwe kuma trives. Idan Basuwide ya tambayi sabon ma'aikaci ko ɗalibin da ya sauya makaranta da wannan kalma, yana son ya ji ko hankalinsa ya kwanta a wurin ne. Mu ma haka muke tambayar amarya ko ɗan ci-rani: "Garin ya karɓe ki?" ko "Ruwan can ya karɓe ka?"

Yadda ake sarrafa ta

Wajen furuci, harafi biyun farko suna ba da sautin da almajiri ya sani a harafin Larabci mai ɗigo uku, wanda ake sa bakin harshe tsakanin haƙora. Ƙarshenta kuma amo ɗaya ne da drive da five.

A da, kalmar tana sauya wasali idan aikin ya shuɗe, kamar yadda drive take zama drove da driven. Don haka a tsofaffin littattafai za a ga throve da thriven. A yau thrived ta rinjaya a Amurka da Ingila baki ɗaya, kuma ita ce ta fi dacewa da ɗalibi mai rubuta jarrabawa.

Babban tarkon da ke kama Bahaushe yana wajen nahawu. A Hausa muna iya cewa kasuwancinsa ya bunƙasa, muna kuma iya cewa ya bunƙasa kasuwancinsa. Kalma ɗaya tana yin aiki biyu. Thrive kuwa aikatau ce ƙi-karɓau, ba ta faɗa wa komai. Ana cewa his business thrived, amma duk wanda ya rubuta he thrived his business ya yi kuskure, sai dai ya nemi wata kalma irin grow ko develop. Nahawun ya dace da tushen: mai lambu yana iya ba da ruwa da taki, amma kamun na dashen ne shi kaɗai.

Sai kuma ƙananan kalmomin da ke biye da ita. Idan aka ce thrive in, ana maganar muhallin da ya karɓi abu ne: gero a jigawa, shinkafa a fadama, raƙumi a sahara. Idan aka ce thrive on, ana nuna abin da ke ciyar da shi. Nan ne kalmar take da ɗan armashi, domin sau da yawa akan kawo abin da ke karya wasu. She thrives on pressure na nufin macen da ba ta fito da bajintarta sai aiki ya yi zafi. A Hausa sai mu ce matsi ne abincinta, ko kuwa a nan ta fi auki. Akwai kuma thriving da ke zuwa a matsayin sifa, kamar a thriving market, kasuwar da ke ci sosai.

Wani abin lura shi ne kalmar ba ta zaɓen alheri. Sauro yana thrive a ruwa kwance, cin hanci yana thrive inda babu mai sa ido, jita-jita tana thrive inda hukuma ta yi gum. Mai fassarar da ya ce cin hanci yana bunƙasa bai yi ƙarya ba, amma kunnen Bahaushe ya fi jin daɗin ya samu gindin zama, ko ya yi katutu, ko yana cin karensa babu babbaka.

A ɗakin awon jarirai

Inda kalmar ta fi nauyi shi ne asibiti. Likitocin yara suna da laƙabin failure to thrive ga jaririn da nauyinsa ba ya ƙaruwa yadda ya kamata, ko wanda layinsa a katin awo yake gangarowa maimakon hawa. Wannan alama ce, cutar kanta sai an bincika. Yana iya zama nono ne bai isa ba, ko gudawa mai yawan dawowa, ko ciwon zuciya, ko wata matsala a hanji da ke hana jiki tsotse abinci. Ke nan ba daidai ba ne a fassara laƙabin da tamowa kai tsaye, duk da cewa rashin isasshen abinci ne ya fi haddasa shi. Abin da uwa take faɗa ya fi kusa da ma'anar: "Yaron nan ba ya gaba." A Ingila ma an fara kauce wa laƙabin saboda kalmar failure tana sa iyaye su ji kamar su ne suka gaza. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a can, ta yi amfani da faltering growth, wato girma mai tangal-tangal, a jagorar da ta fitar a 2017.

A watan Satumban 2015, zamanin Babban Sakatare Ban Ki-moon, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da tsarin kula da lafiyar mata da yara da matasa na 2016 zuwa 2030. An ɗora shi kan manufofi uku: survive, thrive, transform. Jerin yana da hikima. Na farko shi ne a tsira da rai. Na biyu shi ne ran da aka tsira da shi ya yi albarka, yaro ya ci ya ƙoshi, ƙwaƙwalwarsa ta buɗe, ya iya karatu. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce tazarar da ke tsakanin mai amsa gaisuwa da "da sauƙi" da mai amsawa da "sai godiya" har cikin zuciyarsa.

'Yan uwa da maƙwabta

Turanci yana da wasu kalmomi biyu da ke zaune kusa da thrive, amma gidajen da suka fito daban ne. Flourish ta biyo Faransanci ne, harshen da ya zama na fada a Ingila bayan Wiliyam na Nomandi ya ci ƙasar da yaƙi a 1066. Tushenta kalmar Latin ce mai nufin fure, shi ya sa take ɗauke da ƙawa, kuma aka fi jin ta wajen maganar adabi da ilimi da daula a lokacin ganiyarta. Prosper ma daga Latin take ta hanyar Faransanci, kuma ta fi karkata ga dukiya da nasara. Attajiri yana iya prosper alhali hawan jini na cin sa. Ba za a ce yana thrive ba sai jiki da zuciya sun yarda.

'Yar uwarta ta jini kuwa ita ce thrift. Da farko ma'anarta wadata ce, sai a ƙarni na 16 ta koma nufin tattali da tanadi, wato hanyar da ake bi a kai ga wadatar. A Nijeriya kalmar ta samu aiki biyu. Ƙungiyoyin gama-kai na tara kuɗi da ba da rance suna ɗauke da ita a sunayensu, abin da ya yi kama da adashi. Matasa masu sayar da kayan gwanjo a intanet kuma sun fi son su kira hajarsu thrift. Uwar adashi da dillalin gwanjo duk suna riƙe da igiyar da ta taso tun daga jiragen Baikin.

Don haka idan mai fassara ya ci karo da thrive, kada ya yi saurin rubuta bunƙasa. Ya fara tambayar kansa wane ne, kuma a ina. Idan shuka ce, ta kama ko ta yi yabanya. Idan dabba ce, ta yi ɓul-ɓul. Idan kasuwa ce, tana ci. Idan baƙo ne, wuri ya karɓe shi. Idan mugun abu ne, ya samu gindin zama. Idan kuwa jariri ne, ma'aikaciyar awo ta riga ta tanadi fassarar, ranar da ta sauke shi daga sikeli ta miƙa wa uwarsa katin tana cewa, "Maman yaro, ci gaba da abin da kike yi, ɗanki yana gaba."