Cinikin tsakar gida a Ader: a ba mai saye kwanakin shawara

Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023, kayan sola suka ƙara daraja, masu tallarsu kuma ba sa jiran ranar kasuwa. Fitila, batir, salula ta biya-sannu-sannu, duk har gida ake kai su, daga birnin Tawa zuwa ƙauyukan Kalfu. Ana yawan ɗora laifin nadamar da ke biyo baya a kan rashin karatu, tunda takardar cinikin da Faransanci take, hannu kawai ake dangwalawa. Ni a ganina babban dalilin shi ne wurin da aka yi cinikin. A kasuwa mutum ya ce “albarka” ya wuce rumfa ta gaba. A gida kuwa an shimfiɗa wa baƙo tabarma, an kawo masa ruwa, yara sun kewaye fitilar da ya kunna, sai kunya ta hana a ce a'a. Ga shi a Ader maigida sau da yawa yana biɗa a Abijan ko Libiya, kuma shi zai turo kuɗin wata-wata, alhali ba da shi aka yi shawara ba.

Turawa sun daɗe da gane wannan. Faransa ta ba wanda aka sayar wa kaya a gida kwana 7 na fasa ciniki a 1972, yanzu kuma ƙasashen Tarayyar Turai kwana 14 suke bayarwa, ba sai an faɗi dalili ba. Kada a ce baƙon abu ne a wurinmu. Mazhabar Malikiyya ta halatta ciniki bisa sharaɗin zaɓi na 'yan kwanaki, kuma duk almajirin da ya karanta Risala ya ratsa ta wannan babi.

'Yan kasuwa za su ce sun ƙona mai a babur, kuma fitilar da ta kwana uku a ɗaki ba ta sayuwa a kuɗin sabuwa. Da gaskiyarsu, sai dai maganin wannan mai sauƙi ne: a rubuta suna yau, a kawo kaya bayan mako guda, lokacin da aka samu maigida a waya. Wanda cinikinsa ba ya jure mako guda, da ma da kunyar mutane yake ci.

Nijar tana da dokar kare masu saye tun 2015. Abin da ya rage wa ma'aikatar kasuwanci shi ne ta wajabta wa duk mai talla gida-gida wa'adin fasawa, a kuma sanar da shi da Hausa da Tamajak a gidajen rediyon Tawa.