Me Ke Sa Inji Ruri Bayan An Sauya Masa Bakin Injekta?

A unguwar Gwallaga ta cikin birnin Bauchi, kamar dai sauran wuraren da kanikawa ke aiki a ƙasar nan, akwai wata rigima da ta zama ruwan dare tsakanin masu motoci da masu gyara. Mutum zai kawo motarsa tana shaƙewa, ko tana mutuwa in an tsaya a mahaɗar hanya. Bakanike ya duba ya ce bakin injekta ne ya gaji, a sayo wani. A sayo, a ɗaura, a tayar da mota, sai inji ya kama ruri kamar an taka totur, alhali kuwa ba wanda ya taɓa shi. Daga nan sai zargi ya tashi. Mai mota ya ce bakanike ya ɓata masa inji, bakanike ya ce mai kaya ne ya ba su ruɓaɓɓe, shi kuwa mai kaya ya rantse lafiya lau ya sayar. Sau da yawa kuwa gizo ba can yake saƙa ba.

Abin da kanikawa ke kira bakin injekta shi ne maƙogwaron da inji ke shaƙar iska ta cikinsa. A cikinsa akwai wani faifai mai kamar murfi, wanda ke buɗewa in direba ya taka totur, ya koma ya rufe in ya ɗaga ƙafa. Inji mai amfani da fetur yana bukatar iska da ta ninka nauyin man da yake ƙonawa kamar sau 14.7. Saboda haka iska ita ce linzamin gudun inji. In mota tana tsaye, inji ya yi zafi, watau tana silo, yawancin injuna suna juyawa sau 600 zuwa 900 a minti guda. In allurar ta tsaya a 1,500 ko 2,000 ta ƙi saukowa, to, ko shakka babu iska tana shiga fiye da kima. Aikin mai gyara shi ne ya gano ta ina take shiga, kuma wa ya ba ta izini.

Tsofaffin kanikawan Bauchi sun koyi sana'a ne a zamanin kafireto, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa 504 a Kaduna a 1975, kamfanin Steyr kuma ya kafa masana'antar manyan motoci da taraktoci a Bauchi a ƙarshen shekarun 1970. A kan 504, in silo ya yi yawa, sai a ɗauki sukundireba a murɗa wani ɗan sukuru, magana ta ƙare. Amma tun daga shekarun 1990 motoci 'yan Kwatano da na Beljiyam suka cika ƙasa, su kuwa kwamfuta ce ke auna musu mai da iska, wadda ake ce wa burenbos. Iri biyu ne. Akwai masu wayar totur, waɗanda ke da wani ɗan bawul a gefen maƙogwaron mai sakin iskar silo. Akwai kuma na baya-baya, waɗanda ba su da waya sam, ƙaramin moto ne na lantarki ke buɗe faifan bisa umurnin kwamfuta. A duka biyun, silo ya bar hannun sukundireba.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙara ce kawai mai damun kunne. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, kana a ƙarshen 2024 ta haye naira 1,000 a wurare da dama. Direban tasi da ke yini tsakanin Wunti da Kasuwar Muda Lawal, rabin aikinsa tsayuwa ce da jiran fasinja, in injinsa na ruri, cinikinsa ne ke fita ta salansa. Daɗin daɗawa, mota mai giyar otomatik in silonta ya yi yawa takan yi zillo da an sa giya, tana tura kanta gaba ko an taka birki. A cunkoson da akan yi bakin Masallacin Gwallaga ranar Juma'a, ga yara, ga tsofaffi, ga babura, wannan ba abin wasa ba ne.

To, ta ina za a fara? Da farko a bar inji ya yi zafi sosai. Da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu, kwamfuta da kanta takan ɗaga silo zuwa 1,200 ko fiye, sannan ta sauko da shi a hankali. Wannan ba ciwo ba ne. Sai dai akwai wata al'ada da ta bazu a garejinmu ta cire tamostat, a kuma haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta yi ta zaton har yanzu safiya ce. Haka nan in sansar da ke auna zafin ruwa ta lalace, ko iska ta shiga cikin ruwan lagireto lokacin da aka zare ƙananan tiyon ruwan da ke ratsa maƙogwaron.

Na biyu, a nemi ɓarauniyar hanya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsakanin bakin injekta da manifol akwai gasket, kuma don tsimin 'yan kuɗi kaɗan akan mayar da tsohon, ko a shafa gam a ɗaure. Akwai kuma ƙananan tiyo da akan manta a buɗe, da babban tiyon da ke zuwa tulun birki, da waɗanda zafi da tsufa suka tsattsage. Duk inda aka sami kafa, inji zai zuƙi iskar da ba ta bi ta ƙofa ba. Mai kunne zai ji tsaki kamar na taya mai sacewa. Waɗansu kanikawa kan fesa maganin wanke kafireto a kan mahaɗai, in sautin inji ya sauya, an kama ɓarawo. Amma maganin nan yana kama wuta, saboda haka hura hayaƙi a cikin manifol a ga inda zai fito ya fi aminci.

Na uku, a duba shi kansa kayan da aka sayo. Bakin injekta biyu za su iya kama da juna, ramukan noti su dace, soket ya shiga, amma na injuna daban ne. Lambar da ke jikinsa ita ce shaida, ba kama ba, don kama da wane ba ta wane. A mota mai waya, a tabbata wayar tana da ɗan sassauci, ba ta riƙe faifan a buɗe ba, a kuma duba bawul ɗin silo ko ya maƙale da dauɗa. Sansar da ke gaya wa kwamfuta matsayin faifan, a yawancin motoci ƙasa da bolt ɗaya take bayarwa in totur na rufe. In ta wuce haka, kwamfuta za ta ɗauka ƙafar direba na kan totur.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ruɗa mutane. Shekara da shekaru ƙurar hanya da tiririn baƙin mai suna taruwa a bakin tsohon faifan, hanyar iska tana ƙuntata. Kwamfuta kuwa tana lura, tana ƙara buɗe ƙofa kaɗan-kaɗan don kada inji ya mutu, tana kuma riƙe wannan lissafi. Ranar da aka ɗaura sabo mai tsabta, sai ta buɗe shi gwargwadon yadda ta saba buɗe mai dauɗa, iska ta kwararo. A nan ba abin da ya lalace, tsohon karatu ne ke bukatar gogewa. Kowane kamfani da hanyarsa. Motocin Toyota da yawa, in an cire kan batir na 'yan mintoci aka mayar, aka bar su suna silo, sukan koyi sabon lissafi. A Honda da dama akan riƙe inji a 3,000 har fanka ta tashi, sannan a bar shi yana silo kamar minti biyar, ba fitila, ba na'urar sanyi. Nissan tana da nata tsarin na kunna makulli da taka totur bisa ƙidayar daƙiƙoƙi, Volkswagen kuwa galibi sai an sa na'urar bincike.

Ita wannan na'ura ba baƙuwa ba ce. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka soket ɗin da ake jona ta, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu fetur. In ta nuna lamba P0507, ma'anarsa silo ya wuce yadda kwamfuta take so. In P0171 ta biyo baya, iska ta rinjayi mai, sai a koma neman kafa. Lambar tana nuna hanya ne kurum, ba ta ce a sayi wani abu ba.

Abu biyu ya kamata a guje musu. Kada a murɗa ɗan sukurun da faifan ke jingina a kai, domin a masana'anta aka saita shi, in an taɓa shi an ƙara wa kwamfuta ruɗani. Kada kuma a danna faifan na lantarki da yatsa da ƙarfi, haƙoran roba ne ke juya shi a ciki.

Mai mota yana da haƙƙin ya tambaya, cikin mutunci, ko an sa sabon gasket, ko lambar ta dace, ko an koya wa kwamfuta, tun kafin a ce masa ya sayo burenbos. Bakanike kuma ba zai rage daraja ba don ya ce wa ɗan'uwansa mai na'ura ya zo ya duba. Matambayi ba ya ɓata. Sana'ar da ta ciyar da iyaye a zamanin 504 za ta ciyar da 'ya'ya, muddin an yarda cewa mota ta sauya, gyaranta ma ya sauya. Allah Ya kiyaye hanya.