Daga Ahalari Zuwa Muhtasar: Jeren Littattafai Ga Mai Koyon Uwar Manhajar Kwamfuta

Gabatarwa

A unguwar Hanwa da ke Zariya, kusa da Kwangila a kan hanyar Samaru, akwai ɗalibai da matasa masu sana'ar kwamfuta da ke hulɗa da Jami'ar Ahmadu Bello da sauran manyan makarantun garin. Da yawansu sun ƙware wajen buga takardu da ɗora manhajoji, amma ba kowa ne ya san abin da ke gudana a ƙarƙashin allon ba. Wannan maƙala ta dubi yadda ake koyon uwar manhaja da kula da ita ta hanyar karatu, tare da nuna cewa jeranta littattafan ya fi tara su muhimmanci.

Ma'anar Uwar Manhaja

Uwar manhaja ita ce ke tsakanin ƙarafan kwamfuta da sauran manhajoji. Ita ke raba wa kowane aiki lokacinsa da gurbinsa a ma'adana, ta tsara fayiloli, ta kuma tantance wanda ke da izinin taɓa su. Windows da macOS da Linux duk misalanta ne. Tushen da yawa daga cikinsu shi ne Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs ta Amurka a 1969. Linux ce ta fi dacewa da mai koyo, domin kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake ga kowa. A kanta aka gina Android, kuma tun Nuwamban 2017 kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki.

Matakan Karatu

Zazzau ta san darajar jeren karatu tun daga zaure. Almajirin fiƙihu yakan fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, kafin ya tunkari Muhtasar. Wanda ya tsallake ƙananan ya faɗa babban, wahala kawai zai sha. Haka abin yake a wannan fanni.

Matakin farko shi ne sabawa da rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Littafin William Shotts, The Linux Command Line, ya wadatar, kuma ana sauke shi kyauta. A nan ɗalibi zai fahimci izinin fayil: karantawa lamba 4 ce, rubutawa 2, gudanarwa 1. Don haka 755 na nufin mai fayil yana da cikakken iko, saura kuwa karantawa da gudanarwa kawai, alhali 777 ta buɗe wa kowa ƙofa.

Mataki na biyu shi ne sanin dalilai. Operating Systems: Three Easy Pieces, na Remzi da Andrea Arpaci-Dusseau na Jami'ar Wisconsin, shi ma kyauta ne a intanet. Ya kasa fannin gida uku: rabon kayan aikin kwamfuta, gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, da adana bayanai ta yadda za su dore. Kashi na uku ya shafi mazaunin Hanwa kai tsaye, domin ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta fayil, tsarin ajiyar na iya rikicewa. Maganin da tsari irin ext4 ke amfani da shi shi ne fara rubuta sauyin da za a yi a wani kundi na daban kafin a aiwatar. In kwamfuta ta sake tashi, sai ta duba kundin ta daidaita abin da ya tsaya.

Mataki na uku shi ne kula da kwamfutocin jama'a: buɗe wa ma'aikata asusu, adana kwafin bayanai, da tsaro. Jagora a nan shi ne UNIX and Linux System Administration Handbook na Evi Nemeth da abokan aikinta, wanda asalinsa ya fito a 1989. Wannan ne Muhtasar ɗin fannin, littafin komawa ne a duk lokacin da matsala ta taso.

Karatu Da Aiki

Ilimi ba aiki, an ce, kamar itace ne marar 'ya'ya. Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ya karanta littafin Andrew Tanenbaum na 1987, wanda ya zo da ƙaramar manhajar koyarwa mai suna MINIX. Ya karanta, ya gwada, har ya fitar da Linux a 1991. Ɗalibin yau zai iya ɗora Ubuntu ko Debian a kan filashi ko cikin VirtualBox, ya ɓata ya gyara ba tare da asarar komai ba.

Kammalawa

Haɗarin tsallake matakan nan a fili yake. Mai kula da kwamfuta da ke kwafo umarni daga intanet bai san ma'anarsa ba, layi ɗaya ya isa ya shafe sakamakon jarrabawar sashe guda ko bayanan marasa lafiya, kuma umarnin rm ba ya ajiye abin da ya goge a kwandon shara. Saboda haka ya kamata sassan koyar da kwamfuta su riƙa ba ɗalibai jeren littattafai mai matakai, kowane babi da aikin gwajinsa. Littattafan matakai biyun farko ba sa buƙatar kuɗin saye. Abin da suke buƙata shi ne haƙurin bin su ɗaya bayan ɗaya.